Amsa ga mai tambaya kan tikitin mota na 2015: wanda ke mutuwa da wanda ba ya mutuwa

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka: ɗan sanda ya ba ka tikitin tsallake jar danja a Bronx ta birnin New York a 2015, akwai kuma na fakin biyu da ka tarar a gilashin mota, ba ka biya ko ɗaya ba ka koma gida, yanzu za ka dawo, wani kuma ya ce maka duk tikitin da ya wuce shekara bakwai ya mutu. Na daɗe ina tuƙa tasi a New York, kuma wannan zancen shekara bakwai ya jefa mutanenmu da dama cikin wahala.

Bakwai ɗin nan ba daga dokar hanya ta fito ba. Dokar tarayya ce ta 1970 kan rahoton bashi, wadda ta ce yawancin munanan bayanai su fita daga rahoton mutum bayan shekara bakwai. Tsakaninka da bankuna ke nan. Kotu da DMV, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci ta jiha, ba ruwansu da wannan lissafi.

Akwai dokar wa'adin shigar da ƙara, wannan gaskiya ne, amma hukuma ta ɗaure, ba kai ta kwance ba. A jihar New York, ƙaramin laifi irin na hanya shekara 1 aka ba hukuma ta fara tuhuma, laifi matsakaici shekara 2, yawancin manya shekara 5. To, ranar da ɗan sandan ya miƙo maka takardar ya kuma shigar da kwafinsa, tuhuma ta riga ta fara. Hukuma ta cika wa'adinta tun a makon farko. Abin da ya rage shari'a ce a buɗe da ke jiran amsarka, kuma rashin zuwanka ba ya rufe ta. Da tafiya gida tana goge laifi, ai da kowa ya sayi tikitin jirgi maimakon ya biya tara.

Sai dai tikitocinka ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba, don haka raba su.

Na fakin, Ma'aikatar Kuɗi ta birnin ce ke riƙe da su, kuma lambar mota suke bi, ba lasisinka ba. Bayan kwana 30 a ƙara dala 10, bayan 60 a ƙara 20, bayan 90 a ƙara 30, wajen kwana 100 a yanke hukunci a bayan idonka, ruwa na kashi 9 cikin ɗari a shekara ya fara hawa. In abin da aka yanke ya haura dala 350, suna iya sa wa mota takalmi, wato ƙarfen kulle taya, ko su ja ta. Amma a nan ne kawai maganar mai ce maka shekara bakwai take da ƙamshin gaskiya: dokar jihar ta ce irin wannan hukunci shekara 8 yake aiki. Ana ƙirgawa daga ranar da aka shigar da hukuncin, ba ranar da aka manna takardar ba. Mai yiwuwa ƙwarai naka na 2015 sun faɗi. Ka shiga shafin ma'aikatar da tsohuwar lambar motar ka gani da idonka kafin ka saki jiki.

Na jar danja shi ne ƙashin bayan maganar. Tunda hannu da hannu aka ba ka, da sunanka da lambar lasisinka, ya tafi TVB, sashen DMV da ke sauraron laifukan tuƙi na cikin birnin. Kwana 15 ake ba mutum ya amsa. In bai amsa ba, a dakatar da lasisinsa, daga baya a same shi da laifi a bayan idonsa. Dakatarwar nan ba ta da ranar ƙarewa. Tana nan har sai ka amsa ka biya, da dala 70 na ɗage ta. Wasu za su ce maka ai an soke dakatar da lasisi. A watan Yunin 2021 dokar ta fara aiki, amma wanda ya kasa biyan tara ta yi wa sassauci, har da damar biya kaɗan-kaɗan, dala 25 a wata ko kashi 2 cikin ɗari na abin da ke shigo masa, duk wanda ya fi yawa. Wanda bai amsa ba sam, kamar kai, har yanzu ana dakatar da shi.

Abin da ya sa nake matsa maka: tuƙi da lasisin da aka dakatar ba tikiti ba ne kuma, laifi ne da ake sa ankwa a kansa. Mafi ƙanƙantar matakinsa tarar dala 200 zuwa 500, ko ɗauri har kwana 30. Wani abokin aikina, dattijo mai kamun kai, fitilar birki ce ta mutu aka tsayar da shi da fasinja a baya. Da aka buga lasisinsa sai ga dakatarwa daga kotun wani ƙaramin gari a arewacin jihar, tikitin gudu da ya manta da shi tun kafin ya canza gida. Wasiƙun duk tsohon adireshinsa suka tafi. A caji ofis ya kwana, kuɗin lauya ya ninka tarar sau da yawa, kuma da ya zo neman zama ɗan ƙasa sai da ya kawo takardun kotu ya yi bayani, domin fom ɗin N-400 yana tambaya ko an taɓa kama ka. Tikitin da bai kai dala 500 ba kuma babu maye a ciki, ba a ma neman takardunsa. Kamu kuwa ana nema.

Kada kuma ka ce za ka sauka wata jiha ka yi sabon lasisi. Kafin kowace jiha ta ba da lasisi sai ta duba rajistar direbobi ta ƙasa, kuma sunan wanda aka dakatar yana ciki. Za su mayar da kai ka wanke da New York tukuna. Ga 'yan'uwa da ke Texas ko Georgia masu karanta wannan, naku ya fi zafi: a can laifin hanya kansa ƙaramin laifi ne na kotu, rashin zuwa yana jawo takardar kamu, ita kuma ba ta tsufa.

Da ni ne kai, tun daga gida zan fara. Ka nemi tarihin lasisinka a shafin DMV, 'yan daloli ne, zai nuna maka kowace dakatarwa da inda ta fito. Daga nan zaɓi biyu ne. Ko ka biya ka huta, ko ka roƙi a sake buɗe shari'ar. TVB ba a ciniki a cikinta, ko an same ka da laifi ko an wanke ka, saɓanin kotunan ƙananan garuruwa inda lauya kan sa a sauke laifi zuwa mai sauƙi. Tsufan tikiti yana da amfani guda: hujja daga bakin ɗan sandan take fitowa, in ya yi ritaya ko takardunsa sun ɓace, alƙali na iya korar ƙarar. Amma sai an yarda an buɗe, kuma sai ka kawo dalilin rashin zuwanka. Hatimin fasfo da ke nuna ba ka ƙasar yana taimakawa. Ga mai niyyar komawa tuƙin haya, kuɗin lauyan hanya ba asara ba ne, saboda inshora da TLC, hukumar tasi ta birnin, duk suna kallon tarihin. Ga mai tuƙa iyali kawai, ni dai biya zan ce, tikiti ɗaya bai kai a yi ta jeka-ka-dawo a kansa ba.

Abu na ƙarshe da ba ka tambaya ba: lasisin New York ba ya wuce shekara 8, kuma in ya wuce shekara 2 da ƙarewa sai an sake jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Duba ranar da ke jikin naka. Kafin ka ga an rubuta cewa lasisin yana aiki, bari wani ya ɗauko ka daga filin jirgin JFK, kada ka karɓi makullin kowa. Allah ya kawo ka lafiya.