Amsa ga ƙanwarmu mai son yin digiri a kan Reiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, sai yanzu yara suka kwanta na samu zama. Ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila, na saurari saƙonki tun shekaranjiya. Kin ce a wurin da kuke kula da masu ciwon daji akwai masu zuwa yin Reiki, su ɗora wa majinyaci hannu ko su riƙe shi sama da jikinsa, kuma da idonki kin ga mutane na samun natsuwa har barci ya ɗauke su. Kina son ki yi digirinki na uku a kan wannan, amma an tsorata ki cewa za ki binne kanki da ranki a jami'a, ba mai sake kallonki da daraja. Kika ce in faɗa miki gaskiya, to ga ta.

Abin da kika gani ban musa miki ba. Ni ma na yi jinyar mahaifiyata wata biyu a gadon asibiti, Allah Ya jiƙanta. Akwai wata nas da in ta zo da daddare sai ta zauna a bakin gado ta riƙe mata hannu, ba allura ba ƙwaya, kawai tana shafa bayan hannun tana yi mata hira a hankali. Wallahi ina kallo numfashinta yake daidaita. Don haka natsuwar nan gaskiya ce. Inda gizo ke saƙa shi ne, mene ne ya kawo ta?

Masu Reiki, wanda Mikao Usui ya fara a Japan a 1922, cewa suke akwai wani ƙarfi da ba a gani da ke ratsa hannun mai yi ya shiga jikin mara lafiya. A Amurka kuma akwai irinsa da Dolores Krieger ta kafa tare da Dora Kunz a farkon shekarun 1970. Ita Krieger ɗin 'yar sana'arki ce, farfesar jinya a Jami'ar New York a lokacin, kuma abin bai hana ta kujerarta ba, har makarantun jinya da dama suka riƙa koyar da shi. A nan ina roƙon kada wani a cikinmu ya haɗa wannan da addu'a, fagensu daban. Waɗannan mutane iƙirarinsu shi ne hannunsu na jin wani abu a jikin ɗan Adam, kamar yadda kike jin zafin murhu kafin ki taɓa shi. Wanda ya faɗi haka kuwa ya ba da damar a gwada shi.

Kuma an gwada. Wata yarinya ce ma a jihar Colorado, Emily Rosa, tana da shekara 9. Ta samu kwali ta huda ramuka biyu, mai warkarwa irin ta Krieger ya zuro hannayensa ta ciki, ba ya ganinta. Sai ta jefa kwabo sama, abin da ya faɗo shi zai nuna ko hannun dama ko na hagu, ta ɗaga nata hannun a samansa ba ta taɓa ba, ta ce to wanne? Mutum 21 ta gwada, sau 280 gaba ɗaya. Kashi 44 cikin ɗari suka ci. Kin ga wanda ya yi canki-canka kawai ai rabi ake sa ran zai samu. Aikin ya fito a JAMA, mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, a 1998, lokacin tana da shekara 11. Ki riƙe kwalin nan a ranki, don duk maganar a kansa take.

Yanzu ga wanda aikinsa ya lalace da gaske, Jacques Benveniste na Faransa. Ba ƙaramin mutum ba ne, masanin garkuwar jiki ne da ya yi suna tun shekarun 1970, yana shugabantar ɗakin bincike na gwamnati. A 1988 ya fitar da takarda a mujallar Nature cewa ruwa na riƙe tasirin abin da aka narkar a cikinsa ko da an tsarma shi har ba sauran komai. Ba Reiki ba ne, amma danginsu ɗaya, tasiri ba tare da sinadari ba. Editan mujallar, John Maddox, ya taso da mutum biyu har ɗakin gwajin. Aka sa wa kwalaben lambobin sirri, aka rufe takardar lambobin a ambulan aka manna ta a rufin ɗaki, yadda mai dubawa da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa ba zai san wace kwalba ke hannunsa ba. Da aka yi haka sai sakamakon ya ɓace. Da a ranar ya ce jama'a na yi kuskure, da an wuce wurin, masana nawa suka yi kuskure suka ci gaba da aikinsu? Sai ya kafe. Kuɗin bincike ya yanke, aka rufe ɗakin a tsakiyar shekarun 1990, ya rasu a 2004 yana kan bakansa. Labarinsa na ba ni tausayi sosai, domin ban ɗauke shi maƙaryaci ba. Son amsar ne ya riga gwajin shiga zuciyarsa.

Amma ba zan ruɗe ki in ce mai gaskiya kullum lafiya yake ƙarewa ba. Ga Edzard Ernst nan a ƙasar da kike. Ya bar kujerarsa a Biyana ya koma Jami'ar Exeter a 1993, shi ne farfesa na farko da aka naɗa don binciken irin waɗannan magunguna. Shi da abokan aikinsa suka ɗauki masu ciwo mai naci su 120. Wasu aka haɗa su da masu warkarwa na ainihi, wasu kuma da 'yan wasan kwaikwayo da aka koya wa yadda ake motsa hannu. Majinyata sun ji sauƙi, amma sauƙin da aka samu a hannun 'yan wasan bai gaza na masu sana'ar ba. Ya rubuta abin da ya gani a 2001. Masu harkar da suka yi murnar naɗa shi suka juya masa baya. A 2005 ya soki wani rahoto da Yarima Charles ya sa aka yi, aka kai ƙararsa jami'a, aka shafe wata 13 ana bincikensa, aka wanke shi, amma tallafi ya ƙafe, ya ajiye aiki kafin lokacinsa a 2011. To shi kam ya sha wuya, sai dai har gobe duk wanda zai yi rubutu a wannan fanni dole ya bi ta kan ayyukansa.

Batun kuɗi kuwa akwai shi. Cibiyar da gwamnatin Amurka ta ware wa wannan fage da dala miliyan 2 ta fara a farkon shekarun 1990, daga baya ta haura miliyan 100 a shekara, ko da yake kaɗan ne ke zuwa ga warkarwa da hannu.

Don haka ga shawarata, ƙanwata. Kada ki rubuta cewa za ki tabbatar Reiki na aiki. Na taɓa zama a kwamitin duba aikin wani ɗalibi, ya zo da shafuka cike da majinyata da suka ce sun ji sauƙi, fuskarsa fal murna. Na ce masa ina waɗanda ba a yi wa ba, mu kwatanta? Ya yi shiru yana juya takardu. Shekara biyu na wahala, kuma ba laifinsa kaɗai ba ne, ba wanda ya tare shi tun farko. Ba na son in ga haka a kanki.

Ki raba majinyatanki uku. Kashi ɗaya mai Reiki na ainihi, kashi ɗaya wanda aka koya wa kwaikwayo, kashi ɗaya kuma nas ta zauna da su minti talatin ta riƙe hannu kawai, kamar waccan baiwar Allah da mahaifiyata. Majinyaci kada ya san mai yi masa na ainihi ne ko a'a, mai tattara bayanai ma kada ya sani. Ki rubuta abin da za ki auna tun kafin ki fara, ki yi masa rajista, don kada daga baya zuciya ta ja ki ki zaɓi wanda ya yi daɗi. Ki nemi malami mai duba aiki wanda ya san lissafin ƙididdiga, ko da ba ya son Reiki, wannan ma ya fi miki. In ya fito cewa zaman nas ɗin ne ke kawo barcin, kin samo hujjar da za ki kai wa shugabannin asibiti su ƙara ma'aikata da lokaci a bakin gado, kuma wannan ƙwarewar tsara gwaji za ta bi ki duk fannin da kika koma.

Ki turo min daftarin ta akwatina kafin Alhamis, musamman shafin da kika bayyana yadda za ki raba su, in duba miki a ƙarshen mako in sha Allahu. Ki gaida maigida da yara. Sai da safenku.