Amsa: Tudun Little Round Top ya cancanci ziyara kuwa?

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi kwana uku a Washington, kana tambaya ko ka ɓata yini guda ka je Gettysburg ka ga tudun Little Round Top. Wallahi ka je. Tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba.

A can aka gwabza daga 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, kuma waɗanda aka kashe, aka raunata ko aka kama sun kusa dubu hamsin. Tudun da kake tambaya, ranar 2 ga wata aka yi nasa. Janar Gouverneur Warren na sojojin Arewa ne ya hau ya tarar kusan babu mai tsaronsa, ga sojojin Kudu na tahowa, ya aika a kawo ɗauki cikin gaggawa. Rundunar 20th Maine ta Kanar Joshua Chamberlain ta riƙe gefen hagu na sahun sojojin Arewa har harsashi ya kusa ƙare musu, sai suka sa wuƙa a bakin bindiga suka gangaro kan sojojin Kudu 'yan jihar Alabama. Da tudun ya faɗi, da an samu hanyar zagayo sojojin Arewa ta baya.

Yau mutum-mutumin Warren na tsaye kan wani falalen dutse, yana duban kwarin. Ka tsaya kusa da shi ka dubi ƙasa, nan ne za ka gane abin da ya gani. Ni wurin ya fi taɓa ni fiye da gidan tarihin yaƙin da ke Gettysburg ma.

Shiga filin dagar kyauta ne, gidan tarihin ne ake biya. Ka bi ta maƙabartar sojoji, inda shugaban Amurka na lokacin, Abraham Lincoln, ya yi shahararren jawabinsa ranar 19 ga Nuwamba 1863. Ka sa takalmi mai ƙwari, duwatsun na da santsi in an yi ruwa.