Malamin saksofon a jami'a: koyarwa, wasa da bita, ya ake haɗa su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Shekara huɗu ke nan ina busa saksofon kuma burina in zama malamin jami'a a wannan fannin. Amma duk farfesan da na karanta tarihinsa sai in ga yau yana aji, gobe yana wasa a wata ƙasa, jibi kuma yana jagorantar taron bita. Ni dai ban gane ba, jami'ar ce ke biyansu su yi ta yawo ko neman na kansu suke yi a gefe? Kuma ta ina mutum yake farawa?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Abin da kake gani kamar sana'a uku, a wajen masu yin sa abu ɗaya ne, kowanne shi ke riƙe da ɗan'uwansa. Amma bari in fara maka da dalilin da ya sa masu saksofon suka fi sauran makaɗa manne wa makaranta, don in ba ka gane wannan ba sauran bayanin ba zai zauna maka ba.

Saksofon yaro ne a cikin kayan kiɗa. Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, shi ya ƙera shi kuma ya yi masa rajista a Paris a 1846, lokacin nan babbar ƙungiyar makaɗa da ake cewa okestra ta riga ta gama shirya kujerunta, mai biyolin na da gurbi, mai kilarinet na da gurbi, mai sarewa ma haka. Saksofon bai samu ba, har yau ɗin nan. In an zo wani kiɗa da ke buƙatarsa, irin Boléro na Ravel, sai a ɗauko mai busa na 'yan kwanaki a biya shi ya kama gabansa. To ka ga mai kilarinet in ya ƙware yana iya cin jarrabawar okestra ya samu albashin wata-wata har ya yi ritaya, shi kuwa mai saksofon na kilasik, wato salon kiɗan Turawa irin na okestra, in yana son albashi tsayayye kusan ƙofa biyu ce gare shi, badujalar soja ko makaranta. Shi ya sa za ka ga manyan gwanayen wannan busa kusan dukansu malamai ne.

Kujerun kuwa ba su da yawa, kuma wanda ya hau ba ya saurin sauka. Duba makarantar kiɗa ta Paris. Sax da kansa ya koyar a can daga 1857 zuwa 1870, sai aka rufe ajin, ba a sake buɗewa ba sai 1942 da aka ba Marcel Mule. Bayan Mule sai Daniel Deffayet a 1968, sai Claude Delangle a 1988. Wato daga 1942 har bayan 2020 mutum uku kacal suka zauna a kujerar nan. A Amurka ma haka, Larry Teal ya fara a Jami'ar Michigan a 1953, Donald Sinta ya gaje shi a 1974, shi ma sai da ya yi shekara 40 kafin Timothy McAllister ya karɓa a 2014. Frederick Hemke shekara 50 cif ya yi a Jami'ar Northwestern. Ba wai ina so in karya maka gwiwa ba ne, so nake ka san irin layin da za ka shiga, galibi jami'a malamin saksofon ɗaya take ɗauka, ba kamar sashen lissafi ba da za ka tarar da mutum ashirin.

Yanzu batun yawon da ka tambaya. A jami'o'in Amurka musamman, ana auna malami da abu uku, koyarwa, bincike, da hidima wa makaranta. Malamin kimiyya bincikensa shi ne maƙalar da ya buga a mujalla. Malamin busa kuwa bincikensa shi ne wasan da ya yi a gaban jama'a, faifan da ya fitar, da sabon kiɗan da ya sa wani marubucin kiɗa ya rubuta masa ya zama shi ya fara busa shi a duniya. Kamar yadda McAllister ya fara busa konshaton saksofon na John Adams, wato kiɗan da mai busa ɗaya ke jagoranta okestra na raka shi, a Sidni ta Ostareliya a 2013, irin wannan a takardun ƙarin girma nauyinsa ba kaɗan ba ne. Wanda aka ɗauka a matsayin ƙaramin farfesa yawanci shekara shida ake ba shi kafin a zauna a duba ko za a tabbatar da shi a aiki, kuma in kwamiti ya buɗe fayil ɗinsa ya ga duk wasanninsa a cikin harabar makarantarsu ya yi su, ba wanda ya gayyace shi waje, to akwai matsala. Don haka fitar nan dole ce. Wani lokaci jami'a ta ba da kuɗin tafiya, wani lokaci masu gayyata su biya, wani lokacin kuma, gaskiya, daga aljihunsa zai fitar, musamman zuwa manyan taruka irin taron masu saksofon na duniya da aka fara a Chicago a 1969, inda ba a biyan mutum don ya yi wasa, shi ne ma yake neman a ba shi 'yan mintuna.

Bita kuma, nan ne mutane ba su cika fahimta ba. Eh ana samun ɗan abin sakawa a aljihu, amma babban amfaninta farautar ɗalibai ne. Malamin busa shi ke nemo ɗalibansa da kansa, in ajinsa ya bushe shugaban sashe zai fara masa wani irin kallo. To sai ya je makarantun sakandare, sansanin kiɗa na lokacin hutu, wasu jami'o'in, ya yi darasin bainar jama'a. Yadda ake yi shi ne ɗalibi ɗaya ya fito ya busa abin da ya shirya, kowa na kallo, malamin ya tsayar da shi ya gyara masa, minti 20 ko 30 sai na gaba. Wallahi wannan ya fi wasa a dandali wuya a ganina, don yaro ne ba ka taɓa gani ba, jikinsa na rawa, kuma a cikin minti biyu dole ka gano abu ɗaya da in ka taɓa shi kowa a ɗakin zai ji sautin ya canza, ko numfashi ne yake riƙewa a ƙirji, ko cizon bakin busar yake yi da ƙarfi, ko ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin ne ya yi masa tauri. Malamin da bai iya ba sai ya lissafo kurakurai goma ya bar yaro a tsaye kamar an jefo shi. Wanda ya iya kuwa, yaran da ke zaune suna kallo su ne za su nemi gurbi a ajinsa baɗi.

Akwai kuma kamfanonin kayan busa, Selmer, Yamaha, Yanagisawa, Vandoren, D'Addario, da suke ɗaukar wasu malamai a matsayin jakadunsu, sukan taimaka da kuɗin bita ko rangwamen kaya. Kar ka ɗauka albashi ne. Kaɗan ne suka kai irin matsayin Eugene Rousseau na Jami'ar Indiana da ya yi shekaru yana ba Yamaha shawara kan ƙirar saksofon ɗinsu.

Abin da ba ya fitowa a tarihin da kake karantawa shi ne satin yau da kullum. Darasi ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗalibi awa guda a sati, cikakken malami yakan kai awa 18 a haka, ga ajin haɗaka, ga ƙungiyoyin 'yan huɗu da yake horarwa, ga mitin, ga jarrabawar ƙarshen zango. Nasa atisayen sai da asuba ko bayan kowa ya tafi. Duk darasin da tafiya ta ci kuma bashi ne, in ya dawo sai ya biya, shi ya sa za ka ga mutum ya sauka daga jirgi ranar Lahadi da dare Litinin yana aji tun safe har magariba.

Ta ina ake farawa? Digiri na farko a kiɗa, sai mastas, sannan a Amurka yawancin tallan aiki yanzu suna neman digirin dakta na wasan kiɗa da ake kira DMA, wanda akasarinsa wasanni ne a gaban alƙalai haɗe da rubutaccen bincike. A Turai yin suna da cin gasa sun fi yin magana. Ɓangaren jaz hanyarsa ta ɗan bambanta, irin su Jackie McLean a Jami'ar Hartford da Archie Shepp a Jami'ar Massachusetts sunan da suka yi a dandali ne ya kai su aji, amma wannan zamani ne da ya shuɗe, yanzu can ma ana tambayar takarda. Yawancin mutane da aikin wucin gadi suke farawa, ana biyansu gwargwadon yawan ɗalibai, ba tabbacin zangon gaba, wasu makaranta biyu ko uku suke zagayawa.

Shawarata gare ka ƙanena, kar ka tsaya a salo ɗaya. Ƙananan jami'o'i, inda nan ne aikin farko yake fitowa, suna son wanda zai koyar da kilasik da jaz duka, ya taɓa kilarinet ko sarewa, ya riƙe ajin ka'idar kiɗa na 'yan shekarar farko. Sannan ka fara koyarwa tun yanzu ko da yara biyu ne, don ranar intabiyu bayan ka gama busa musu sai su turo maka ɗalibinsu guda su ce koyar da shi muna kallo, kuma da yawa daga gwanayen busa a nan suke faɗuwa. Ka riƙa ɗaukar bidiyon darussanka kana kallo daga baya, ka ƙirga minti nawa ka yi kana surutu, minti nawa yaron ya yi yana busa.