Ki je baftismar jaririn nan, ɗiyata

Ɗiyata, saƙonki ya iso, ina fata kun wuni lafiya. Kin ce ƙawarki 'yar Katolika ta gayyace ki baftismar ɗanta, matasan ekklisiyarku kuma sun ce zuwa can ba al'adarmu ba ce, har kina tambaya ko gaskiya ne. Ki je.

Ba na ɓoye maki cewa akwai bambanci. Mu a ekklisiyarmu ta Furotesta sai mutum ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa ake nutsa shi a ruwa, su kuwa tun jariri yana cikin zanen goyo fada yake zuba masa ruwa a ka. Jibin Ubangiji ma fahimtarmu ba ɗaya ba ce, saboda haka in an tashi karɓa ki zauna wurinki cikin ladabi, su ma haka dokarsu ta ce. Wannan saɓani ya girmi kakannin kakanninmu, daga Turai ya taso tun zamanin Martin Luther, lokacin da Furotesta suka rabu da Katolika.

Amma wai al'ada! Wace al'adar? Turawan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zo Tsibiri. Waɗanda suka fara ba da gaskiya a ƙasar nan ba su taka kara sun karya ba, wasu ma danginsu sun juya masu baya. Mutumin da yake neman wanda zai kama masa makara, ina ya ga sukunin tambayar ɗarika? Abin da na tashi na tarar shi ne, in an yi haihuwa mata su ɗauki sabulu da turmin zane su tafi barka, in an yi rashi a je a zauna kan tabarma. Hatta maƙwabtanmu Musulmi muna cin naman sunansu, suna shan kunun bikinmu, balle wanda muke kiran sunan Yesu tare.

Abin da ya fi yi mani ciwo ma ba tsakaninmu da Katolika yake ba. Na ga lokacin da EERN, wato Ekklisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta tsage, 'yan'uwa masu baftisma ɗaya da littafin waƙoƙi ɗaya suka daina gaisawa a kasuwa, kan shugabanci. Kowa ya buɗe 1 Korintiyawa 1:12 ya san Bulus ya riga ya tsawata a kan haka.

Sannan wuta ta zo. A Janairun 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, na Katolika da na Furotesta, ba a tsaya karanta allon ƙofa ba. A Yunin 2019 ta iso nan Maraɗi, kan majami'ar Assemblées de Dieu. Ran nan ban ji wanda ya ce ai 'yan Fentikos ne, ina ruwanmu. Kuka muka yi gaba ɗaya.

Ki sanar da fastonku kafin ranar, kada ya ji a bakin wasu. Ki biyo ta gida, innarki ta ajiye sabulu da 'yar riga, ki kai wa mai jego, ki ce kawunki yana yi mata barka.