Zan yi tafiya, in kai karena gidan ajiyar karnuka?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Kaduna, ina da karen gadi ɗan shekara biyu, irin na 'yan sanda. A watan Afrilu ni da iyali za mu yi tafiyar mako uku, maigadinmu kuma tsoronsa yake ji, ko kwanon abinci da sanda yake tura masa. An ce min akwai wuraren da ake biya su riƙe kare. In kai shi, ko in bar shi gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da akwai wanda karen ya saba da shi a gidan, da na ce ka bar shi inda ya san kowane lungu. Amma mai tura kwano da sanda ba zai shiga ya wanke keji ba, ba kuma zai lura ranar da kare ya daina shan ruwa ba, ga shi a watan da zafi kan kai digiri 40 a Arewa. Don haka kai shi. Sai dai kada ka zaɓi wuri ta waya ko ta hoton WhatsApp. Gani ya kori ji.

Ka je da ƙafarka, da tsakar rana, ba tare da ka sanar ba. Ka ce a kai ka baya inda karnukan ke kwana. In suka hana, ka juya. In suka kai ka, hancinka ne zai fara ba ka labari: zarnin fitsari mai sa ido hawaye alama ce ta wurin da ba a wankewa kullum. Ɗaga kai ka dubi rufin. Kwano ne tsirara ba silin, ba iska? Kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, kuma irin naka mai gashi ninki biyu yana iya galabaita cikin sa'o'i a ɗaki irin wannan. Leƙa kwanukan ruwa ka ga ko cike suke. Sannan ka durƙusa ka duba tsagar bango da gindin ƙofa, domin nan kaskar kare ke ɓuya tana ƙwai.

Wannan batu na kaska yana ci min rai. An taɓa kawo min wani kare kwana goma bayan an ɗauko shi daga irin wannan wuri. Na buɗe kunnensa, kaska jere kamar an zuba ridi, wasu a tsakanin yatsu. Na ɗaga leɓensa, dasashi ya yi fari fat, alamar ciwon da kaska ke sa wa ya cinye masa jini. Mun sha wahala kafin ya miƙe. Da an sa masa maganin kaska kafin a kai shi, da ba a kai nan ba.

Tambaya ɗaya za ta nuna maka ko masu wurin sun san aikinsu: sun nemi katin rigakafin karenka? Wanda bai nemi naka ba, bai nemi na sauran ba. A katin dole a ga allurar haukan kare ta bana, wadda ake yi duk shekara, har cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa ta. Sai allurar haɗaka da ake rubuta DHLPP, wadda a cikinta akwai kariya daga fabo, cutar amai da gudawar jini. Ƙwayar fabo na iya yin watanni a ƙasa tana jira, kuma yawancin magungunan wanki masu ƙanshi ba sa kashe ta, sai bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 30. Tambaye su da me suke wanke kejinsu. In wa'adin allurar karenka ya ƙare, a yi masa aƙalla mako biyu kafin tafiya, jiki na bukatar lokaci kafin ya gina kariya. Allurar jajiberi ba ta tsare komai ba.

Abinci kuwa, ka kai masa nasa, ka auna na kowace rana. Canjin abinci kwatsam kan kawo zawo, shi ya sa muke cewa a canza a hankali cikin mako guda. Ka rubuta musu: ban da albasa, ban da dafaffen ƙashi. Ka haɗa da tsohon buhu ko tsummar da yake kwanciya a kai, kada a wanke, warin gida na kwantar masa da hankali. Ka faɗa musu gaskiya in yana cizo, ka kuma sa sharaɗin kada a haɗa shi keji ɗaya da wani kare. In da hali, kai shi kwana ɗaya na gwaji tun yanzu. Bar musu lambar ɗan'uwa da zai iya amincewa a yi magani in ba a same ka ba.

Ranar ɗauko shi, duba kunne, yatsu da dasashi tun kafin ya shiga mota. Idan cikin kwana 10 ya fara busasshen tari kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, tarin da karnuka ke ɗauka a cunkoso ne. Yawanci yakan wuce da kansa, amma in ya ƙi abinci ko jikinsa ya yi zafi, kawo shi a duba a ranar.