Amsar tambayarki kan matan da muke dubawa a nan

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara, ya jikin Inna? Na saurari saƙonki sau biyu, na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto. Kin ce wata abokiyar aikinki a ɗakin haihuwa ta ba ki labari wai a Ingila nas takan dubi idon mace ta tambaye ta ko da mace 'yar'uwarta take kwana. Kina so ki ji ko gaskiya ne, kuma ni da nake sallah ya nake yi idan aka amsa mini da e.

Gaskiya ne. Shekarata 11 ina aikin nas a wani ƙaramin asibitin unguwa a Manchesta, kuma na yi tambayar nan ba adadi. Sai dai ba da sigar da aka kawo miki ba. Cewa muke yi: masu kusantarki maza ne, mata ne, ko duka biyun? Daga nan mu yi shiru. In ta ga dama ta amsa, in ba ta ga dama ba mu wuce zuwa abin da ya kawo ta.

Ke ungozoma ce, to bari in fara da inda kika fi sani, wato bakin mahaifa. Kusan duk sankarar bakin mahaifa daga ƙwayar cutar HPV take, wadda ake ɗauka wajen saduwa, kuma nau'i biyu kawai, 16 da 18, su ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu ma'aikatan lafiya, shi ne ƙwayar nan ba ta jiran sai namiji ya shigo lamarin. Haɗuwar fata da fata a wajen gaba ta ishe ta, hannu ma yana iya ɗaukar ta. A da a ƙasar nan an sha sallamar 'yan madigo daga ɗakin gwaji, a ce musu ai ku ba ku da buƙata tunda ba ku da miji. Kuskure ne babba, kuma har yau muna ganin sawunsa. Na taɓa duba wata mai shekara 40 da 'yan kai wadda rabonta da gwaji tun tana budurwa, saboda wata nas ta faɗa mata haka sau ɗaya, ita kuma ta riƙe. Yanzu hukumar lafiya ta NHS tana aika wa kowace mace takardar gayyata zuwa gwajin bakin mahaifa daga shekara 25 zuwa 64, ba ruwanta da wa take zaune da shi. Tun watan Yulin 2025 a Ingila, wadda ba a samu ƙwayar a jikinta ba sai bayan shekara 5 za a sake kiranta.

Ga kuma wani abu da zai fi ba ki mamaki. Yawancin matan da muke magana a kansu sun taɓa kusantar namiji, wasu ma suna gidan aure da 'ya'yansu. Akwai masu sha'awar maza da mata duka. Akwai matasa da ba sa son ko wane suna a cikin waɗannan, suna kiran kansu kwiya. Shi ya sa ba ma tambayar mace sunan da take kiran kanta, abin da jikinta ya haɗu da shi muke nema, don a kansa magani yake tafiya. Wadda take da miji kuma take da abokiya tana buƙatar a yi mata maganar tsarin iyali da gwajin cututtuka kamar kowa. Wadda ba ta kusantar namiji kuwa, in kika tsare ta da "yaushe rabonki da maigida" da "wane tsarin iyali kike yi" a kowane zuwa, za ta gaji da ƙarya ta daina zuwa gaba ɗaya.

Sai ciwon sanyi, musamman mai ruwa da ƙarni irin na kifi, wanda ake ba da Flagyl a kansa. Ya fi yawa a tsakanin mata masu kusantar mata, kuma sau da yawa su biyun ne suke da shi a lokaci guda. In ba ki san akwai ta biyu ba, sai ki yi ta ba da magani yana dawowa, ki ɗora laifin a kan rashin tsafta, ita kuma ta koma ga wanke gaba da sabulu da matse-matsen da kika sani, abin ya ƙara lalacewa. Na sankarar mama ba zan ja shi ba: macen da ba ta haihu ba kuma ba ta shayar ba haɗarinta yana ɗan ƙaruwa, ko wace iri ce ita. A nan ana fara kiran mata hoton mama daga shekara 50.

Amma wanda ya fi cin raina ba a gadon gwaji ake ganinsa ba. Ciwon damuwa ne, da rashin barci, da fargaba, da sigari da giya a ɓoye. Binciken da aka yi ta yi a nan ya nuna waɗannan sun fi yawa a cikinsu, kuma masu sha'awar jinsi biyu sun fi shan wuya. Masana suna danganta hakan da nauyin ɓoyo da tsoron tonon asiri da kora daga dangi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a ranar 17 ga Mayu, 1990, saboda haka ba wani magani da za mu rubuta don a canza mutum. Abin da muke yi wa magani shi ne damuwar, ita kuwa tana kisa.

Kin tambaya mu Hausawan nan ya muke da zancen. Ba ma yin sa, iyakarta ke nan. Ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Ana haɗuwa a suna da walima da sallar idi, ga zauren WhatsApp da ba ya barci, abin da aka faɗa a Manchesta da azahar kafin la'asar ya isa Gwammaja. In yarinya ta wuce 30 ba aure, sai a ce karatu ne ya riƙe ta. In suna haya ɗaya da wata shekara da shekaru, sai a ce ƙawarta ce. Ranar da maganar ta fito fili kuwa, abin da aka fi yi shi ne ruƙya, ko a ce a kai ta gida hutu, ta sauka ta tarar an tsayar da miji. Iyayen suna yi ne da zuciyar ceto, na yarda, na san wasunsu. Amma na ga yadda 'ya'yan suke dawowa. Auren dole laifi ne a dokar Ingila tun 2014, har akwai ofishin gwamnati na musamman da ke bin sawun wadda aka fitar da ita ƙasar waje don haka.

Wata rana wata ta shigo ɗakina, ta ga sunana a ƙirji, ta ji harshena, sai ta miƙe ta ce tana so a ba ta wata nas. Na ji zafi a raina har na kai gida. Daga baya na gane ba ni ta ƙi ba, taron suna ta hango. Dalilin nan ne ya sa ba ma yarda miji ko uwa ko 'ya ta yi wa mace tafinta. Asibiti ne ke kawo nasa, sau da yawa ta waya, wanda bai san ta ba. Kuma abin da mace ta faɗa mini ba ya fita, ko mahaifiyarta ce ta zo tana kuka, sai in akwai rai a cikin haɗari ko ana cutar da yaro. In na saki baki, lasisina ne zai tafi.

Batun addini kuma, ban canza ba, ƙanwata. Islamiyya ɗaya muka yi, abin da malamai suka faɗa na sani, ba kuma fatawa na zo ba ki ba. Abin da na tsaya a kai shi ne wadda ta kwanta a gabana ta buɗe jikinta amana ta ba ni, kuma za a tambaye ni a kanta. Ke ma kin karɓi haihuwar cikin da ba ki tambayi asalinsa ba, kin ɗinke ta, kin sa mata ruwa, kin yi mata sannu. Dokar daidaito ta 2010 ta hana ni nuna bambanci, amma ko babu ita ba zan iya kallon sankara tana cin mace in yi shiru don na ji wa take so ba.

Kada dai ki ɗauki tambayarmu ki kai ɗakinku yadda take. Wurinku daban ne. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ga dokokin shari'a na jihohi, ga Hisbah, ga fayil ɗin da ke yawo hannu zuwa hannu. Kalma ɗaya a takarda tana iya rusa rayuwar mace. Abin da za ki iya shi ne ki daina mai da aure ƙofar shiga gwaji. Duk macen da shekarunta suka kai, ki yi mata tayin duba bakin mahaifa, ko da na ruwan khal ne, ba tare da "ina mijinki" ba. Wadda sanyi yake ta dawo mata, ki fitar da 'yan rakiya ki ce, in akwai wanda ko wadda ya kamata a duba tare da ke, ƙofa a buɗe take. In ta faɗa miki wani abu, ki bar shi a cikinki, kada ya hau takarda, kada ya kai ɗakin shan shayi. Allurar rigakafin HPV kuma da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya a Oktoban 2023, ki tsaya a kanta, don tana kare yarinya ko ya rayuwarta ta kasance nan gaba.

Ki sanar da ni ko asibitinku yana karɓar mace marar aure a gwajin nan, da ko su Ummi sun samu allurar. Ki gaida Inna, ki ce mata zan kira ta ranar Juma'a bayan na tashi aiki, in sha Allahu.

Yayarki