Shamuwa a watan Disamba? Amsar wasiƙun masu kallon tsuntsaye

Wasiƙu uku suka iso mini wannan karo daga 'yan wata ƙungiya ta masu kallon tsuntsaye a Sakkwato. Sun ce tun da aka fara girbi suke fita duk Asabar da sassafe da madubin hangen nesa, yau fadamar Kwalkwalawa, wani makon Tafkin Kware, wani lokaci har madatsar ruwa ta Goronyo. Suna kuma shirin ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a ƙasashe da yawa cikin Janairu tun 1967.

Ta farko daga sakataren ƙungiyar ce. Ya ce: "Malam, muna rubuta jadawalin ayyukanmu da Hausa. Me za mu kira wannan lokaci, hunturu, ɗari ko sanyi?"

Malam Sakatare, ukun ba ɗaya ba ne, ko da yake baki kan haɗa su. Hunturu iskar ce, busasshiyar nan da ke kaɗowa daga arewa maso gabas da hazo, har sunanta ya koma na lokacin. Ɗari shi ne abin da jiki ke ji, mai fasa leɓe da kaushin ƙafa. Sanyi kuwa ya fi su faɗi, don akwai sanyin damina, akwai sanyin ruwan randa. Saboda haka ku rubuta "ayyukan kaka da hunturu". Sai dai a kula, kakarmu ba lokacin zubar ganye na Turawa ba ce, lokacin yankan gero da dawa ce. Abin da ya haɗa su kawai shi ne watanni sun zo ɗaya, Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa ke baro Turai su ƙetaro Sahara su sauka fadamunmu.

Wasiƙa ta biyu ta fi ba ni sha'awa. Wani malamin makaranta daga Mabera ya rubuto da Sakkwatancinsa tsaf: "Munka tahi bakin Gulbin Rima cikin Disamba, munka ga wasu manyan tsuntsaye hwarhwaru masu jan baki da dogayen ƙahwahu. Na ce shamuwa ce, wani dattijo mai noman albasa ya yi mini dariya. Wa ke da gaskiya?"

Malam, ka yi haƙuri, dattijon ya fi ka gaskiya. Shamuwa baƙa ce mai farin ciki, ina nufin cikinta fari ne, ba murna ba. Baƙuwar damina ce. Takan iso gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a kan itatuwan tsakiyar gari, shi ya sa manomi in ya gan ta sai ya fara duba irinsa da kalmensa, yara kuma a hana su jifarta. Da ruwa ya ɗauke sai ta tattara 'ya'yanta ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke farawa a lokacin, ta bi fara da tsutsa. A Disamba shamuwa tana can wajen su Zambiya da Zimbabuwe. Wanda kuka gani, bisa kwatancenka, ɗan'uwanta ne na Turai, fari mai baƙin gashi a fukafukai, ya kuma fi ta girma. Shi ba ya son ƙetare teku mai faɗi, don da iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa yake shawagi, sai ya biyo ta mashigin Jibiralta, tsakanin Sifaniya da Maroko, ko ta Turkiyya. Kun ga ke nan, ɗaya na fita ɗaya na shigowa, kamar masu karɓa-karɓar gadi.

Da ni ne ku, da na koma wurin dattijon nan da goro na tambaye shi sunan da su suke kiran farin. Ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 cike yake da sunayen tsuntsaye, su kirinjijiya, dinya, zalɓe, kwasakwasa, borin-tunke, amma daga bakin irin waɗannan mutane aka kwaso su, kuma sunan Kano ba lallai ne ya zama na Wurno ba. Ku buɗe wa sunan Hausa gurbi a littafin ƙidayarku, ku rubuta har da ƙauyen da kuka ji shi.

Ta uku wata ɗaliba ce daga Gidan Igwai, tambayoyinta biyu. Ta ce me ake nufi da "balbela ci da motsin wani", kuma da gaske ne hankaka ba ya ƙwai, tunda ana cewa "hankaka mai da ɗan wani naka"?

'Yata, ta balbela ba ta da wuya. Ki tsaya kusa da garken Fulani da aka saki cikin karan dawa bayan girbi. Saniya na taku, fara da ƙwari na tashi, balbela na cafkewa. Ita ba ta tono, ba ta kora. Haka ake yi wa mutumin da ke cin moriyar wahalar wani kirari da ita. Dabarar ta karɓe ta kuwa, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 ta ƙetare tekun Atilantika ta isa Kudancin Amurka, yau tana bin shanun can.

Hankaka kuwa an yi masa ƙazafi, amma ƙazafin da tushe. Yana yin sheƙa da tsinke da kirare can ƙolin itace ko kan falwayar lantarki, yana saka ƙwai, yana ƙyanƙyashewa kamar kowane tsuntsu. To ina maganar ta samo asali? Akwai wani tsuntsu mai ɗige-ɗigen fari a fukafuki da tukku a ka, na dangin da Turawa ke kira kuku (ba mai dafa abinci ba), wanda ba ya yin sheƙa ko kaɗan. Macen takan faki ido ta saka ƙwanta cikin na hankaka, shi kuma ya kwanta a kai, ya ciyar da ɗan har ya yi fiffike. Zatona, kuma zato ne, magabata sun sha ganin hankaka na ba wa ɗan da bai yi kama da shi ba abinci, suka yanke cewa sato shi ya yi. Idonsu bai yi ƙarya ba, hukuncin ne ya juye: hankaka ba ɓarawon ɗa ba ne, shi aka ajiye wa reno ba da saninsa ba.

Wannan bai hana karin maganar aiki ba. Har gobe in aka ga mai rungumar abin wani yana cewa nasa ne, hankaka za a kira shi, kuma kowa zai gane. In kun je Kware ranar Asabar, ki gaya wa sauran 'yan ƙungiya su riƙa ɗaga madubin sama su duba falwayoyin kan hanya, ba bakin tafki kaɗai ba.